Hular Ƙarfe a Bakin Ɗigo

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da tagwaye, kuma ina roƙon Allah Ya sa ciwon bayan da tsayuwar aiki ta jawo miki ya sake ki. Mu nan lafiya lau. Inna tana nan da ƙarfinta, gwiwar ce kawai take taɓa ta idan ta daɗe a zaune, amma bakin ƙalau yake, ni ne shaida tun da a kaina yake sauka. Ta ce in gaya miki man shafawar da kika aiko ya ƙare, kuma in za ki sake aikowa kada ki aiko mai warin nan. Aiki a gareji yana tafiya, mutane ba su daina gogar juna a kan titi ba, don haka mu masu gyaran jikin mota ba ma zama. Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya kamar kowa. Abin da ya hana ni shi ne, duk lokacin da na kira ki, ban kai rabin magana ba sai ki ce Auta yi haƙuri. Ni kuwa yau ba haƙuri nake nema ba, so nake a ji ni har ƙarshe, kuma a takarda ba ki da halin katse ni.

Maganar 'yata ce, Ɗigo. Kin tafi kin bar ta a goye, yanzu shekararta shida, kuma sunan da kika laƙaba mata saboda ƙanƙantarta ya bi ta har makaranta. Kin san tun da muka rabu da uwarta a wurin uwar take zaune, ni nake ɗauko ta ranar Asabar in mayar da ita Lahadi da yamma. Kin kuma san uwar ta auri likitan haƙorin nan, wanda har yau bakina bai iya kiransa da komai ba sai Ango, ko da yake auren ya tsufa. Abin da ba ki sani ba, ana zare mini yarinyar nan a hankali, kamar yadda ake zare ƙusa daga katako ba tare da ya tsage ba. Babu wanda ya yi mini ihu, babu wanda ya hana ni ganinta. Da ma an yi hakan, da na san wanda zan kama.

Wata Asabar na je ɗaukarta, na tsaya da babur a bakin get kamar kullum, don ba na shiga gidan. Sai ga ta a guje. Maimakon ta rungume ni ko ta gaishe ni, sai ta tsaya a gabana ta wangale baki iya ƙarfinta, ta sa yatsa ta ja kumatu. Can ciki, a haƙorin tauna na ƙasa, wani abu yana walƙiya kamar kan sabon noti. Ta ce wai Likita ne ya sa mata hula, don haka take kiran Ango a lokacin, Likita. Ta ce ba allura, ba injin nan mai kuka, ita da kanta ta cije hular ta shiga, kuma gam ɗin akwai tsami. Tun daga nan har muka iso gida bakin bai rufu ba. Ta nuna wa mai gadi, ta nuna wa mai sayar da lemo a mahaɗa, ta nuna wa wata mata da ba mu sani ba da muka tsaya kusa da motarta a danja. Haƙorin nan, Yaya, ni ta fara gaya wa yana yi mata tsami idan ta sha ruwan sanyi. Ni na leƙa da fitilar waya na ga baƙin ɗigo a jikinsa. Ni na je babban asibiti na nemi a sa ta a layin likitan haƙorin yara, wanda ya yi karatun yara musamman, aka ce in jira a kira ni. Ina cikin jira aka gama komai a bayana, babu wanda ya ga ya dace ya ɗaga waya ya ce Baban Ɗigo, za mu sa wa 'yarka ƙarfe a baki.

Muka shiga gida, Inna ta sa tabarau ta leƙa, ta ce kai, wannan yaro ɗan albarka ne. Ashe wata rana da Ango ya kawo Ɗigo ba na nan ya shigo ya gaishe ta, har ya duba mata haƙorin da yake girgiɗa a nan falo, ya faɗa mata abin da za ta riƙa kurkure baki da shi. Tun ranar ya zama ɗan albarka. Ni da na sake mata ƙofar banɗaki, na yi mata waldar gadonta, nake kai ta awon jini a kan babur ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, iyakar abin da nake samu shi ne Auta ka rage faɗa. Na ce mata to ta ɗauke shi ɗa mana, ni sai in koma ɗan haya. Ta ce da za a yi musayar da ta huta da surutu.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne da na tambayi Ɗigo ko Ango ya kankare baƙin kafin ya rufe. Ta ce a'a, ya dai goge da auduga. Na kira uwarta a waya nan take. Ta ce haka ne, ba a haƙa ba, wai hanyar ke nan, ana kifa hular a kan haƙorin yadda yake a liƙe ta. Yaya, ki sa kanki a matsayina. Tun ina ɗan shekara goma sha huɗu nake wannan sana'a, kuma abu na farko da maigidana ya dasa mini a kai shi ne ba a rufe tsatsa. Ka gurje ta da inji, ka bi da samfefa har sai farin ƙarfe ya fito yana kallonka, sannan ka yi maganar fenti. Duk wata sai an kawo mana motar da wani macuci ya shafe tsatsarta da fenti ya sallami mai ita tana ƙyalli. Bayan 'yan watanni fentin ya kumbura kamar ƙuraje, ka danna da ɗan yatsa ya burma, ka tarar ciki ya zama gari. A wurinmu babu zagin da ya kai a ce da mutum mai rufe tsatsa. To shi ne aka yi wa bakin 'yata, kuma aka ba ta sitikar yabo irin ta yara a kai.

Na faɗa wa uwar haka. Na ƙara da cewa mijin nata ba ma likitan yara ba ne, likitan kowa da kowa ne, mai cire wa tsofaffi haƙori a saman kantin magani, ƙarƙashin allon da aka zana haƙori yana dariya. Kin san bakinta. Ta ce wai Baban Ɗigo, yaushe bakin yarinya ya zama ƙofar mota? Ta ce matsalata ita ce na karanta tsofaffin littattafai uku na gefen titi na ɗauka na gama jami'a. Ta ce yarinya ta daina kuka idan tana cin abinci, ni kuma na fara. Na ce mata Allah Ya sa kada ranar da hular za ta kumbura ta zo, in ta zo kuwa ta tabbata Ango yana gida. Ta kashe wayar.

Gaskiya ne makaranta ba ta riƙe ni ba, ni ma ban riƙe ta ba, amma ke kin san ba a taɓa ajiye rubutu a gabana na bar shi ba. Sai na zauna karatu. Duk lokacin hutun rana, sauran suna hira, ni ina kan wata tsohuwar kujerar mota da muka cire muka jingina da bango, waya a hannu, ina bin bayanin likitoci da Turancina na tsintuwa, kalmar da ta gagare ni in nemi ma'anarta in dawo. Niyyata in tara hujja in je in zube masa a kan teburinsa. Ban taɓa yin karatun da ya ɓata mini rai kamar wannan ba. Abin da na fahimta shi ne, ƙwayoyin da suke cin haƙori da zaƙin abinci suke rayuwa, idan aka rufe su ruf ta yadda komai ba ya shiga, sai yunwa ta tsayar da su. Hulunan kuma a shirye suke zuwa, girma-girma, likita ya zaɓi wadda ta yi daidai. Kuma ba sai likitan yara ba, likitan kowa da kowa ma yana iya sawa idan ya koya. Har na ga inda aka ce a irin wannan haƙori na yara hular takan fi ciko daɗewa, don cikon yakan faɗi a sake komawa. Kowane shafi na buɗe, sai in ga kamar Ango ne ya rubuta shi yana murmushi. Daga ƙarshe na samu abin da nake nema. An ce idan ruɓar ta riga ta kai jijiya, ba a rufewa, don mugunya za ta taru a ƙasa. Na kama wannan layi na riƙe shi kamar sifana. Na ce wa ya tabbatar mini ba ta kai ba?

Asabar ta gaba ban kawo Ɗigo gida kai tsaye ba. Na wuce da ita wurin wata dattijuwar likitar haƙori a ɗaya gefen gari, ban gaya wa uwarta ba, ita ma Ɗigo ce mata na yi za mu gaida wata. Ɗakin jiran ƙarami ne, kujeru na roba, da tankin kifi wanda babu kifi a ciki sai duwatsu. Likitar tana rataye da tabarau a wuya da igiya. Na ce mata so nake a cire wannan ƙarfe a kankare abin da yake ƙasa a yi aikin gaskiya. Ta duba bakin, ta danna dasashi ta kowane gefe tana tambayar Ɗigo ko da zafi, ta ɗauki hoton haƙoran, ta ɗaga shi ta daɗe tana kallo. Sannan ta tambaye ni sana'ata. Na faɗa mata, na kuma yi mata bayanin tsatsa tun daga farko, don na ga tana sauraro. Da na gama ta yi dariya, ba ta raini ba, ta ce to malam mai mota, idan ka sami ƙarfe ka rufe shi inda iska ba ta shiga, ruwa ba ya shiga ko kaɗan, tsatsar tana ci gaba da ci? Na ce fenti ba ya rufewa haka. Ta ce shi ya sa ba fenti aka sa wa yarinyar ba.

Ta nuna mini a hoton inda ruɓar ta tsaya da inda jijiyar take, da sauran tazara a tsakaninsu, dasashi kuma lafiya lau. Ta ce ba za ta cire ba, ko ni na ba ta umarni ko wani. Da ta tsaya a nan da na gode mata. Sai ta ci gaba. Ta ce da yawa daga cikin irinsu likitocin kowa da kowa har yanzu ba sa son taɓa hular nan, wasu ba a koya musu ba, wasu suna gudun iyaye su ce an sa wa ɗansu ƙarfe, sai su yi ta allura da haƙa da ciko, cikon ya faɗi, yaro ya tashi da tsoron kujerar har ya girma. Ta ce ita kanta sai da furfura ta fara fito mata ta koya. Ta sake leƙa bakin ta ce wanda ya yi wannan yana da hannu, wane ne? Kafin in buɗe baki Ɗigo ta ce Likitanmu na gida ne. Na gida, Yaya. Na tashi da ƙafata na tsallaka gari don a yaba masa a gabana.

Sai likitar ta ce akwai wata magana. A hoton ta ga haƙorin tauna na ɗaya gefen shi ma ya fara kogo ta tsakani, inda ido ba ya gani, kuma gara a rufe shi kafin ya yi nisa, don in ya kai jijiya maganar hula ta wuce, sai ta cirewa. Ta ce in ina so za ta iya yi. Ba zan ɓoye miki ba, daɗi na ji. Ciwo ne a bakin 'yata amma daɗi na ji, don na ga dama ta zo. Shi yana da hula ɗaya a dama, ni zan sami tawa a hagu, in ta wangale baki a makaranta za ta ce wannan Abbana ne ya kai ni. Na ce a yi yanzu. Ɗigo ta ji, ta rufe baki gam, ta ɗora tafukan hannu biyu a kai. Na lallashe ta, na yi alkawarin keke, na sauya murya na yi mata ta faɗa. Ta cikin yatsu ta ce ita Likita kawai za ta buɗe wa. Dattijuwar ta cire safar hannunta ta jefa a kwando. Ta ce ita ba ta sa hannu a bakin da aka rufe, kuma wannan aiki yaron ne da kansa yake cije hular ta zauna, ba a yi da kokawa. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce in kai ta wurin wanda ta yarda da shi, ai ni ne uban, ni zan kai ta.

A hanya na tambaye ta me Likita yake da shi da wannan matar ba ta da shi. Ta ce yana ba ta madubi ta riƙe, yana faɗa mata komai kafin ya yi, kuma ba ya ƙarya ya ce za a gaida wata. 

Na yi tunanin in bar maganar haƙori na biyu a cikina har babban asibiti su kira ni. Na rantse na yi tunanin. Amma da yamma na ba ta ruwa daga firij, na ga ta karkatar da kai tana tura ruwan gefen hular, tana kare ɗaya gefen. Sai na kira uwarta. Ta wanke ni tas a kan kai yarinya wani wuri ba da saninta ba, na ce mata a wurinsu na koya. Ba a jima ba wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Ango ne. Ina tattara zagin da na daɗe ina gogewa, sai ya riga ni. Ya ce Baban Ɗigo, in yi haƙuri, kuskure ya yi da bai neme ni ba kafin ya sa ta farko, hakkina ne a tambaye ni. Ya ce shi ma ya ga na biyun, yana jira ne ta saba da ta farkon, kuma ba zai taɓa ba sai ina tsaye a ɗakin. Ki gaya mini yadda ake faɗa da irin wannan mutum. Ka zo da guduma ka tarar babu lotsawa. Na ce masa zan duba in ga ko ina da lokaci, alhali na riga na san zan rufe aiki in je.

Ranar na yi wanka na sa rigata mai kyau, na goge hannuna da fetur don fentin ƙarƙashin farce ya fita. Bai fita ba, sai warin da ya bi ni har saman benen, ya cika ɗan ɗakinsa mai ƙamshin magani. Ga kujerar aikin, ga fitila a sama, ga uwar Ɗigo a bakin ƙofa ta harɗe hannu. A bango, kusa da takardar shaidar karatunsa, an manna wani zane da tef. Tun daga nesa na gane hannun 'yata, don ita ce take zana mutane da yatsu kamar tsintsiya. Ni ma ina da nawa a gareji, amma nawa ƙura da feshin fenti sun cinye shi. Ango ya miƙo hannu muka gaisa, hannun laushi kamar bai taɓa ɗaga komai ba. Ɗigo kuwa ta haye kujerar da kanta kamar gadonta.

Na tsaya na kafa masa ido ina neman kuskure. Ya nuna mini wata 'yar roba da ya sa mata tsakanin haƙoran tun farkon mako, bayan ya nemi izinina a waya, don ta buɗa wuri, ya zare ta. Ya jawo wani faffaɗan akwati mai gida-gida, irin wanda muke zuba notuna, kowane gida da hulunansa. Ya ɗauki ɗaya ya gwada a kan haƙorin bai danna ba, ya ce ta yi girma, ya sauya. Bai kwantar da ita ba, a zaune ya bar ta, ya ce don kada hular ta suɓuce ta wuce maƙogwaro. Duk abin da zai yi sai ya faɗa mata, sannan ya juyo ya faɗa mini, kamar mu biyu ne yaran. Ya cika hular da gam, ya ce mata tsamin nan yana zuwa, ya kifa, ya danna da babban yatsa, ya sa auduga a kai ya ce ta cije da ƙarfi kamar damisa. Na nemi rawa a hannunsa ban samu ba. Na san aiki idan na gan shi, kuma wannan ne ya fi komai ci mini rai.

Tana cije da audugar, idonta ya kawo ruwa, ƙafarta ɗaya ta fara karkarwa a kan kujerar. Sai ta ce Abba, ta gefen baki. Na ce na'am. Shi ma ya ce na'am. Tare muka faɗa, Yaya, murya biyu a kan kalma ɗaya, kuma yadda tasa ta fito ba tare da tunani ba ya nuna mini ba ranar ya fara amsawa ba. Ya sunkuyar da kai yana gyara audugar da ba ta buƙatar gyara. Uwarta ta ɗaga ido tana karanta silin. Ɗigo ta dube shi, ta dube ni, ta ce Abban gareji take nufi, in riƙe mata ƙafa.

Na riƙe. Na durƙusa a ƙarshen kujerar na kama 'yar ƙafar da hannu biyu har ta daina rawa. Ni ta kira, ba shi ba, na sani, kuma na san abin da za ki ce ke nan. Amma ki duba abin da ya faru. Tun ranar da bakinta ya buɗe ni Abba ne zalla, babu ƙari. Yanzu an yi mini wutsiya don a bambanta ni da wani. Ba a sa wa abu lamba sai ya zama biyu. Daga baya a kan matakala uwar ta ce mini, da murya ƙasa-ƙasa, wai ba wanda ya koya mata, ita ta raɗa da kanta, Abban gareji da Abban asibiti, kuma mijin ya yi ta hana ta ta ƙi. Na ce na gode da bayani.

Kafin mu sauko, ya goge sauran gam ɗin, ya ce za ta ji haƙorin ya ɗan yi tudu na wani lokaci sannan bakin ya daidaita, kuma hulunan za su zauna har lokacin famfara, haƙoran su faɗi da kansu sababbi su fito. Bakina da ya daɗe a ɗaure ya kwance. Na ce masa to ya ji da kyau, ƙarfen nasa ne, haƙorin nawa ne, jinina ne. Ranar da suka faɗi ya ɓare ƙarfensa ya riƙe, ya aiko mini da haƙorana. Bai yi dariya ba. Ya ce Baban Ɗigo, ba sa rabuwa, gam ɗin ba ya saki, tare suke faɗuwa. Na ce to ya aiko duka. Ɗigo tana can tana leƙa madubi, ashe tana ji. Ba ta ko juyo ba ta ce ai a bakinta suke, nata ne, ba ta ba kowa.

Na ɗauko ta a babur. Tun daga saman benen na shirya jawabin da zan yi mata, cewa uba ɗaya ake da shi, kuma sunan ba a raba shi. Na tsara shi tsaf, har da inda zan sassauta murya. Tana bayana ta kwantar da kai a gadon bayana, ina jin tana haɗa haƙoran tana gwada sabuwar hular, ƙas ƙas, tana ba ni labarin yadda za ta nuna wa 'yan ajinsu guda biyu. Muka tsaya a danja, na juya na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne ta riƙe ni da kyau. Har yau ban yi jawabin ba, kuma na san ba zan yi ba, don in na yi, yarinyar da ta buɗe baki ba tsoro za ta fara auna kalma a gabana, ni kuma gara wutsiyar da wannan.

Ga abin da nake roƙonki, kuma shi ya sa na zauna na cika miki takarda. Inna ta riga ta ɗauki sabon sunan, jiya na ji tana ce wa Ɗigo ta kai wa Abban gareji ruwa, tana dariya har da tari. Uwarta ba sai an faɗa ba. Ke kaɗai kika rage. Idan kin kira kuna hira da ita, za ta wangale miki baki a waya, ki yaba hulunan yadda kike so, sun cancanta, ba zan ji haushi ba, ko in ji in haɗiye. Amma idan za ki tambaye ta ni, ki ce ina Abbanki, ki tsaya a nan. In ta ce wanne, ki yi kamar layin ya katse.

Ki gaida maigidanki da kyau, ki ce masa ina nan ina jiran hoton motar da ya ce wani ya goga masa, zan faɗa masa ko gyaran da aka yi na kirki ne. Ki shafa mini kan tagwaye, kuma ki leƙa bakinsu da fitila tun kafin wani ya riga ki. Inna tana gaishe ku, Goggo ma da ta zo shekaranjiya ta ce in sa sunanta. Allah Ya tsare ku a inda kuke, Ya dawo mana da ke muna raye.

Ƙaninki,
Auta